Ranar da Na Bi da Baƙi ta Gidan Gwaggo

Wauta iri-iri na yi a duniya, amma wadda ta ƙi barina ita ce ta nuna hanya. Boko aji uku na yi, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Abin da Allah ya ba ni baki ne da ƙafa.

Lokacin muna Jihar Sakkwato, tashar motar Argungu ce ofishina. Baƙo na sauka, kafin ya kakkaɓe riga na riƙe mashi jaka. In kai shi gindin tsohuwar ganuwa, in bi da shi ta marina da maƙera, mu ɓulle bakin gulbi inda masunta ke shanya homa. Abin da na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ƙera shi nan take. Akwai wani rami da jakuna ke birgima, baƙi da yawa sun koma gida da labarin cewa nan ne mayaƙan dauri ke ɓoye kibau.

Wata safiya bayan girbin shinkafa, mutum uku sunka zo da motar gwamnati, sunka ce suna son ganin tsohon gari. Aka sa ni gaban mota. Ni da ko keke ban da shi! Na fidda hannu ta taga ina gaida mutanen da ba su ma dube ni ba.

Da munka sauka, mai tabarau cikinsu ya riƙa rubutu a ɗan littafi. Na ɗauka tarihina yake kwashewa, sai na ƙara gishiri. Ban lura ba cewa ko ina magana ko na yi shiru, shi bango yake kallo, yana auna faɗin lungu da taku.

Babbansu ya ce, “Malam, daga kasuwa zuwa gulbi ba wata hanya sai wagga mai zagaye?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, waccan ta baƙi ce. Ɗan gari bai zagaye.”

Na bi da su ta lungunmu, na shige zauren Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta raine ni tun ina tsumma. Gidanta na da ƙofar baya da ke fuskantar ruwa, ta nan masunta ke kawo mata kifi tana banda. Mun iske ta cikin hayaƙi, ido jawur.

Ta ce, “Kai ɗan banza, maza za ka shigo min da su ba sallama?”

Amma ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta zaɓo masu kifi mafi girma. Sunka ci, sunka yaba. Na buɗe ƙofar baya da kaina, ga gulbi nan shimfiɗe. Mai tabarau ya tsaya tsakiyar gida, ya dubi zaure, ya juya ya dubi ruwa, ya ce, “Miƙe take sarai.” Ni kuwa har da washe baki, wai an yabe ni.

Kafin damina aka zo da jan fenti aka shafa wa bangaye. Titi za a fidda daga kasuwa zuwa gulbi, don motocin shinkafa da albasa. Gida goma sha wani abu ya ci, na Gwaggo a tsakiya. Mutanen unguwa sun ga wanda ya shigo da baƙin. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Sai dai in na iso majalisa, a tuna da wani aiki a watse.

Na sha gaya wa kaina ko ba ni sai sun gano lungun. Ƙila haka ne. Amma ni na buɗe ƙofar.

An ba masu gidajen fili can tudu, inda ba masuncin da zai ɗauki kifi ya kai. Ranar rushewa na zo taya kwasar kaya. Na iske Gwaggo zaune kan turmi a waje, ƙullin tufafinta a cinya, tana kallon ana ture murhun bandarta. Na durƙusa zan ɗauki ƙullin, ta riƙe shi gam. Ba ta ɗaga murya ba, ko dubana ba ta yi ba.

Ta ce, “To, kai da ka san gari duka, ni ina za ka kai ni?”