Layar da ke ƙarƙashin kujerar Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar da motar Alhaji Mudi ta dawo garejinmu na Guéma a karo na uku ba. Ranar Talata ce, lokacin ina shekarata ta huɗu a koyon aikin wutar mota. A wurinmu ba ka buɗe shagon kanka sai maigida ya yaye ka, a yi biki, a ba ka takarda a gaban jama'a. Nawa yayen kuwa sai ɗage shi ake yi. Na gaji, kuma ban ɓoye ba.

Alhaji Mudi dillalin shanu ne daga Djougou, duk kasuwannin ƙauye ya san su. Mu muka sa masa rediyo da amfuli, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi, don yana son jin tafsiri a hanya. Sai ga wani kuka ya ɓullo a lasifika, siriri kamar na sauro. In ka taka totur ya hau, in ka sake ya sauka.

Ya fito daga motar yana karkaɗe babbar riga. "Maigida, Malam yana karatu, sauro yana fassara! Dole nake tafiya a hankali don in ji. Jiya na isa kasuwar Partago an sayar da bijiman kirki, an bar mini tsofaffin shanu masu tari."

Maigida ya riga ya sa masa filta mai tace kuka a zuwan farko, ya canza wayoyin sauti a na biyu. Ya dube ni ya ce, "Rakiya, kullum bakinki ba ya hutawa. Ga mota. In kukan nan ya mutu, bayan Babbar Sallah za a yaye ki. In bai mutu ba, sai baɗi."

Alhaji ya ce, "Yarinyar nan?"

Na ce, "Baba Alhaji, maza sun yi sau biyu."

Bari in yi wa sababbin masu koyo bayani. Irin wannan kukan daga dinamo yake fitowa, mai cajin batir, shi ya sa yake bin injin. Amma ba ya samun hanyar shiga lasifika sai in akwai ɓaraka. Mafi yawanci mas ce, baƙar wayar da ke haɗa amfuli da ƙarfen jikin mota. In ba ta kama ƙarfe tsirara ba, an gama.

Na kashe injin, shiru. Na tayar, kuka. Na zare wayoyin sauti daga amfuli, kukan yana nan, don haka ba daga rediyo ba ne. Saura mas. Amfulin yana ƙarƙashin kujerar direba. Ina durƙusawa Alhaji ya yi tsalle kamar an taka shi.

"Kul! Ba a taɓa nan."

Na juya wajen Maigida. Ya kau da kai yana sosa ƙeya. Ashe shi ma sau biyu an hana shi, ya ji nauyin dattijo ya ƙyale.

Ni ba ni da wannan haƙurin. Na ce, "Baba, yaushe kukan ya fara?"

"Bayan azumi."

"Me aka yi wa motar bayan azumi?"

Ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Can ya rage murya ya ce mahaifiyarsa, Hajiya Babba, ta ba shi laya saboda hanyar Sérou da ta cinye masa tayoyi. Ta ce a ɗaure ta a jikin ƙarfe inda ido ba ya gani, kuma kada ta motsa. Ya nemi noti a ƙarƙashin kujera, ya kwance, ya ɗaura, ya mayar.

Na ce, "Ba zan taɓa ba. Ido kawai."

Na haska da fitilar wayar hannuna. Ga laya, jar fata, an ɗinke ta da kyau. Ga notin mas ɗinmu. Ashe Alhaji ya huda igiyar fatar ya zura ta a tsakanin bakin wayar da ƙarfen, ya ɗaure tamau. Da ƙyar wuta ke ratsawa ta zaren notin.

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Baba, layarka ce ke zaune a kan wayata."

"To wayarki ta tashi. Layar ba ta motsi."

A da, da na tsaya gardama har la'asar. Amma na tuna baɗi. Na datse wayar daga baya ba tare da na taɓa notin ba, na sa mata sabon baki, na sami wani wuri kusa, na kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure. Ko rabin awa ban yi ba.

Alhaji ya tayar, ya kunna tafsiri, ya taka totur har garejin ya ɗauka. Muryar Malam tas, babu sauro. Ya sake takawa, ya kasa kunne kamar yana neman a kama ni da laifi. Sannan ya ce, "Ka gani, Maigida? Albarkar layar Hajiya ce ta kawo yarinyar nan."

Na buɗe baki, Maigida ya taka mini ƙafa.

An yaye ni bayan Sallah. Alhaji ya zo daga Djougou da cinyar bijimi guda, ya ci fiye da kowa.

Ku da kuke koyo yanzu, kafin ku ɗauki lakile, wato sifana, ku tambayi mai mota yaushe abin ya fara da abin da ya canza. Wurin da ya hana ku dubawa, galibi nan matsalar take. In kuma kun tarar abin da yake ji da shi ne ya tare hanya, ku bar masa abinsa. Ƙarfe yana da yawa a jikin mota.