Kwanon da Yaya ya daina sa wa hannu

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

A shekarun da muke zaune a unguwar Biafra, cikin Treichville a birnin Abidjan, gida ɗaya muke da yayana, ƙofarsa na kallon tawa. Da safe mu hau bas tare zuwa shagonmu na atamfa a Adjamé, da yamma mu dawo mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kwano ɗaya, kamar yadda muka taso a gaban mahaifinmu. Matata ke girki, don tasa ta rasu. Yau tuwon shinkafa, gobe aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi. Yakan turo mini tsokar kifin ya ce, "Ungo, sarkin ci, kafin ka haɗa da kwanon." Har yau in na ji ƙanshin kifi a mai, muryarsa nake ji.

Sai ya fara janye hannu. Loma biyu, ya kora ruwa, ya tashi. Daga baya ya daina zama ma, sai ya sayo koko a bakin titi ya shige ɗaki. A wurinmu, wanda ya ƙi abincin gidanka zarginka yake yi. Na ɗauka tsoro yake kada matata ta sa masa wani abu. Na tare shi a gaban maƙwabta na ce, "Yaya, in sammu kake tsoro, fito fili ka faɗa!"

Ya dube ni ya ce, "Abin da ka gani ke nan?"

Na janye tabarmata zuwa ƙofar ɗakina. Watanni muka yi haka. Ina ganin rigarsa tana yi masa yawa, na ce baƙin ciki ne ke cin sa.

Wata rana a bayan shago na iske shi durƙushe, ruwan da ya sha ma ya dawo. Ashe abinci ne ba ya wucewa, yana kunyar ya dawo da loma a kan kwanon da muke ci tare.

Na kai shi asibiti aka kwantar da shi. Likitar da ta duba shi 'yar Hausawa ce haifaffiyar Abidjan, Hausarta rabi Faransanci. Ta ce ciwon daji ne a hanyar abinci. Da ta ga ban gane ba sai ta ce, "Baba, ka san ɗan kamasho a tashar Adjamé? Gbaka, ƙaramar bas ɗin nan, ta cika, shi bai daina kiran fasinja ba. Haka ƙwayoyin naman wurin suke, saƙo na ta zuwar musu su ƙaru, har suka toshe hanya. Masu bincike na neman maganin da zai rufe bakin mai kiran. Amma ciwon yayanka ya yi nisa."

Na tambaye ta, da mun zo da wuri fa? Ta ce Allah ne masani.

Da aka sallamo shi, matata ta dama koko mai ruwa-ruwa. Na zuba a tsohon kwanonmu, na sa ludayi biyu, na mayar da tabarma inda take a da.

Ya kalli kwanon ya yi murmushi. "Sarkin ci zai sha koko?"

Na durƙusa a gabansa, maƙwabtan nan suna ji, na ce, "Yaya, kana fama da ciwo na yi maka ƙazafi. Don Allah ka yafe mini."