Tumbin Yarima da Wuyan Yaya Kui

Yayana Kui mai gugar dutsen yu ne, koren dutsen nan da ke hana gawa ruɓewa. Tun yana da baƙin gashi aka ba shi aikin rigar da za a binne yariman ƙasarmu a ciki: ƙananan falle-fallen dutse, a huda kusurwoyinsu, a ɗinke da zaren azurfa tun daga kai har tafin ƙafa. Sharaɗi ɗaya ne, kada a bar kafa. In rigar ta ƙi rufuwa, jikin zai lalace, kuma kan mai ɗinkin ne zai biya.

Matsalar ita ce ba a auna yarima da ransa. Wanda ya doso shi da igiyar awo ya yi masa fatan mutuwa ke nan. Sai dai Yaya ya auna da ido, daga nesa, ranar bikin kakanni. Shi kuwa yarima, ga son giyar gero, ga gasasshen nama. Kowace shekara tumbin sai ya ƙaru.

Yaya zai dawo gida, ya warware cikin rigar, ya ƙara layin falle-fallen dutse. Har wurin mai wankin fada ya riƙa zarya yana tambayar tsawon ɗamarar yarima.

Matarsa Zhi takan ce, "Ikon sama! Wani ke ci, wani ke ramewa. Maigida, sha kunun nan kafin iska ta ɗauke ka."

"Ke ba ki gan shi ba ne," in ji shi. "Da ƙyar ya sunkuya wa kakanninsa."

Mukan yi dariya, amma ni tausayi yake ba ni. Mutum ya tsufa bai taɓa cin abinci da kwanciyar hankali ba.

Bara da damina ciwo ya kwantar da shi. Ya kira mijina Lun, wanda suka daɗe suna aikin tare, ya riƙe hannunsa.

"Ka ƙara layi biyu," ya ce. "Ta gefen hagu."

Da ya cika, tabarma muka naɗe shi a ciki, muka sa masa ƙwayar gero a baki, yadda ake yi wa irinmu.

Yarima yana nan lafiya lau. Jiya aka yi bikin kakanni, Lun ya dawo ya ture kwanon abincinsa.