Ragon Sunan da Ya Tsufa a Turke

A Jiga Birni in ka ce Abdulwahabu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Wahabu Mai Rago, ko jinjirin da ke goye zai nuna maka gidan da baki. Manomin albasa ne tun bai kai tsayin fartanya ba. Warin albasa ya kama jikinsa har an ce in ya shiga masallaci liman kan fara hawaye tun bai buɗe baki ba. Gajere ne, mafaɗaci, kunnensa ɗaya kullum a rediyo.

Gidan ubansa, marigayi Sanusi, a da sai ƙarti biyu sun kama kafin a sauke tukunyar tuwo. Yanzu ɗakunan gidan, albasa ce ke kwana ciki. 'Yan'uwansa sun rasu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun watse birane. Matarsa Yalwa ta haifi takwas, ƙasa ta karɓi shida tun ba su yi wayo ba. Saura Kulsum da ke aure a Maiyama, ita kuwa 'ya'yanta na gidan wasu ne, sai ɗan fari, Muzammilu. Ta kansa kaɗai gidan Sanusi zai ci gaba ko ya rufe.

To, kowa ya san uba ba ya kama sunan ɗan fari, amma Wahabu ya ɗauki wannan kunyar ya zuba mata gishiri buhu guda. Sai dai ka ji "wancan yaro." Akwai wani dillalin albasa a Aliero mai sunan ɗan nasa, Wahabu ya gwammace ya sayar wa wani da araha da ya buɗe baki ya kira shi. In uban da ɗan suna zaure ɗaya, wannan na duban rufi, wancan na duban tabarma, kamar an yi musu gorin juna.

Wata rana a majalisar gindin darbejiya rediyo ya kawo labarin ƙasashen da haihuwa ta ja baya, tsofaffi suka rinjayi yara. Wahabu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Kun ji hwa! Wai gwamnati na roƙon mutane su haihu! Tsoho na jinyar tsoho! Su aiko da tirela, mu cika masu ita daga unguwa guda."

Sabi'u, taubashinsa, wanda aikinsa a duniya shi ne tsokanar Wahabu, ya ce, "Daga wane gida za a hwara ɗiba, gajere? Naku? Albasa za a loda masu?"

"Bari wancan yaro shi yi aure ka gani. Sai kun toshe kunne."

Wancan yaro ya gama jami'a a Aliero, ya sami aiki a Abuja, ya auri Zulfa, ma'aikaciyar asibiti. Suka haifi mace, Mufida. A can aka yi suna, a can aka sayi rago, Wahabu ta waya ya ji. Ya rantse ragon na biyu daga hannunsa zai fito, a tsakar gidan Sanusi za a yanka shi, in namiji ne kuma sunan Sanusi za a raɗa masa.

Da labari ya zo an yaye Mufida, ya ja Sabi'u ran kasuwar Jega suka shiga kara, wajen sayar da dabbobi. Ya buɗe bakin raguna sun fi ɗari, har dillalai suka fara zaton likitan haƙori ne, kafin ya tsaya kan wani matashin Uda, gaba baƙi, baya fari.

Sabi'u ya ce, "An yi cikin ne?"

"Za a yi."

"Wa yac ce maka?"

"An yaye yarinya. Mi za su zauna yi?"

Aka saka rago a Keke Napep, shi ragon a kujera, Sabi'u rabin jikinsa a waje. Da isarsu Wahabu ya kafa turke daidai bakin zaure ta ciki, inda duk mai shiga sai rigarsa ta goge ragon. Dabararsa ke nan. Shi ba zai iya duban ɗan fari ya ce masa yaushe za ku ƙara ba, gara ƙasa ta tsage. Rago zai yi masa tambayar.

Sallah ta zo, Muzammilu ya iso da mota, ya durƙusa ya gaishe da ubansa.

"Baba, rago ya yi kyau."

Wahabu ya dubi rufi. "Shina jira."

Muzammilu ya dubi tabarma. "Allah ya sa albarka."

Shi ke nan hirar. Baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka, ba a ƙara ko harafi ba. Yalwa ita ma ɗan farinta ne, bakinta a ɗaure. Sabi'u ya ce a bar shi ya tambaya, ai shi ba kunya a idonsa. Wahabu ya ce ran da ya kuskura, ran nan za a ji taubashi ya kashe taubashi.

Rago kuwa ya buɗe ciki. Harawar da ya ci ta isa ta yi wa Jega jinka. Ba ya aikin komai sai ci da kwanciya, mutane suka sa masa suna Ɗan Fansho. Ciyamomi suka hau suka sauka yana turkensa. Kowace layya mahauta na zuwa taya shi, Wahabu na kora su da sanda. Shekarar da Yalwa ta kwanta ciwo, ya fasa rudun da yake adana albasarsa tun kasuwa ba ta tashi ba, ya sayar a wulaƙance, bai ko kalli ragon ba. Garin cike yake da yara, kowane mako sai ka ji guɗar suna a wani lungu. Wahabu ya je, ya yi fatiha, ya karɓi goro, ya dawo ya zuba wa Ɗan Fansho dusa.

A hankali abin dariyar ya daina ba da dariya. Ƙahonnin suka murɗe suka sake murɗewa. Haƙora suka zube, sai an jiƙa masa dusa ta zama kamar kunu. In zai tashi sai ya yi nishi, in Wahabu zai tashi shi ma sai ya yi, daga waje ba ka rabe na wa ne. Buhun albasar da Wahabu ke saɓawa shi kaɗai, yanzu shi da Sabi'u da wani tsoho ke kamawa, ana jin ƙarar gwiwoyinsu har Maiyama. Daga baya idon ragon ɗaya ya yi fari fat. Liman ya ja Wahabu gefe ya ce masa cikin lallashi, mai ido ɗaya fa ba ya isa yankan suna.

"Hakiya ce, Malam. Ina yi mai magani."

A babbar Sallar bana Muzammilu da iyalinsa suka zo su uku. Mufida ta yi tsayi, tana karanta duk abin da ta gani a bango. Wahabu na son yarinyar nan kamar ransa, da ita kaɗai bakinsa ke sakewa, yana ce mata matata, tana ce masa mijina. Da hantsi kowa na tsakar gida ana aikin nama, ta tsaya kan Ɗan Fansho ta riƙe ƙugu.

"Mijina, wannan me ya sa ba a yanka shi? Ya tsufa kamar kai."

"Ke, matar banza, ni at tsohon? Wanga na ƙaninki ne. Ran da yaz zaka za a yanka."

"Wane ƙane? Ba ni da ƙane. Mama ta ce ni kaɗai ce, sun gama."

Wuƙar da ke hannun Yalwa ta tsaya. Zulfa ta tashi ta shige ɗaki kamar an kira ta. Sabi'u da ya zo karɓar rabonsa na hanta, karo na farko a tarihin duniya, ya juya ya fita, ba hanta ba tsokana.

Wahabu ya dafa bango ya miƙe, ya shiga zaure. Daga can aka ji muryarsa.

"Muzammilu."

Yalwa ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, da jinin nama da komai. Tun ran da aka raɗa sunan ba ta taɓa jin sa a bakin mijinta ba.

Muzammilu ya shiga ya durƙusa. Wannan karon ubansa bai dubi rufi ba.

"Abin da yarinya taf faɗi, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Ciwo ne? In ciwo ne ka hwaɗi, a nemi magani."

"Lafiyarmu lau. Mu muka tsayar." Ya ɗago kai. "Ɗaki biyu muke haya. Ni ina fita da asuba, ita tana kwana asibiti, ba mai riƙe mana. Ɗaya muke iya riƙewa yadda ya kamata. Baba, ina da wayo aka fita da ƙannena daga gidan nan a tabarma, na ga yadda Inna ta koma."

"Kada ka sa uwarka cikin wagga magana. Tun yaushe kunka yanke?"

"Tun tana goye."

"Tun kahin in sayo shi ke nan."

"E, Baba."

"Kuma ka san mi shika jira?"

"Tun ran da na fara ganinsa na sani."

"Kana wucewa kana ce mani ya yi kyau."

"Kunya ce, Baba. Ta ina zan fara?"

Wahabu ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Muzammilu ya samu ƙofa, ya ci gaba da sauri: dama yana son ya ce su koma Abuja da zama, ko a ɗauko mai kula da su a riƙa biyansa, fadamar albasar kuma a ba da ita haya, tunda ƙarfi ya ƙare.

"Gidan hwa?"

Muzammilu ya koma duban tabarma.

"To. Tashi ka ci nama, kada shi huce."

Da suka tafi, Wahabu ya kwance igiyar wuyan Ɗan Fansho, ya girgiza turken nan da ya riga ya yi saiwa, ya tumɓuke shi, ya miƙa wa Yalwa ta sa a murhu. Ragon ya tashi da nishi, ya taka zuwa ƙofar gida, ya dubi hanya da idonsa ɗaya, ya dawo ya kwanta a bakin ramin turken. Har yau can yake kwana. Mahauta sun daina zuwa. Da safe Yalwa na dama kunu, ta zuba wa mijinta, ta jiƙa wa ragon dusa da sauran ruwan zafin.

Fadamar tana hannun wani mutumin Aliero. Wahabu kuma ya warke daga kunya sarai. A majalisa yanzu sai ka ji, "Muzammilu ya kira waya," "Muzammilu ya aiko da maganin gwiwa," tas, kamar sunan direban da ke ɗaukar masa albasa a da.

Kwanan baya rediyo ya sake kawo labarin ƙasashen nan na tsofaffi. Wani da bai san dawan garin ba ya ce, "Wahabu, ina tirelar da za mu cika masu?"

Sabi'u ya kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Wahabu ya kashe rediyon, ya nemi sandarsa.

"Sabi'u, kama ni in tashi. Lokacin dusa ya yi."