Hannun Hagun Sila Ciɗo

A shekarar 1979 Malam Yunana ya fara ganin Sila Ciɗo, wata Litinin da hantsi, a biron furojen rijiyoyi, wato ofishin shirin haƙa rijiyoyi, da ke Tawa. Yunana ne mai riƙe da makullai da kundayen biron. Sila ya shigo da akwatin kwano da wasiƙar fasto daga kudu, aka zaunar da shi gaban mashin ɗin buga takardu, ya buga shafi uku babu kuskure ko ɗaya. Kafin azahar an ɗauke shi aiki.

Ba a yi wata biyu ba Yunana ya gane abin da Sila ke ɓoyewa. Da dama yake gaisawa, da dama yake cin tuwo, amma in zai zura zare a allura ko ya feƙe fensir, sai ya juya baya ya yi da hagu. Su biyun makarantar mishan suka yi, kuma Yunana ya san yadda ake yi da bahago a wancan zamani: a aji a ɗaure hannun a jikin benci, a gida uwa ta bi shi da muciya. Shekara goma sha shida suna biro ɗaya, bai taɓa ɗaga masa maganar ba.

Mashin ɗin ne kaɗai wurin da ba a tambayar Sila da wane hannu. Yatsu goma, kowanne da haruffansa. Bayan rasuwar matarsa Salama, ɗiyarsu ɗaya ta yi aure a Maraɗi, sai ya zamana daga ɗakinsa na bayan majami'a sai biro. Ran Lahadi yakan zauna a ƙarshen benci, ya fita kafin a gama gaishe-gaishe.

A 1995, shekara guda bayan an karya darajar kuɗin sefa, furojen ya kawo ordinata biyu, wato kwamfuta, daga Yamai, da wani matashi mai suna Muktari da zai koyar. Darakta bai ɓoye komai ba: masu buga takardu biyu ne, Sila da Balki, bayan mako uku za a yi gwaji, a riƙe mutum ɗaya. Balki ba ta kai talatin ba, tana riƙe da uwarta da yara biyu. Sila ya haura hamsin, kuma babu wani aikin da ya iya.

Haruffan ordinatar ba su ba shi wahala ba. Abin da ya tsaya masa shi ne ɗan abin da ake turawa bisa tebur don kibiya ta motsa a gilashi, wanda Muktari ke kira suri, 'yan biro kuma suka fassara shi kusu. Biyun ba iri ɗaya ba ne. Na Balki ƙarami ne, shafaffe, gefensa biyu daidai. Na Sila babba ne mai doro, an lanƙwasa shi, an yi masa gurbin babban yatsa a gefe guda.

"Baba, kai ka yi sa'a," in ji Muktari. "Wannan shi ne mai tsada. An auna shi da tafin hannu, ko wuni ka yi ba ka gajiya."

An auna shi, amma da tafin hannun dama. Yunana yana kallo daga teburinsa yadda kibiyar Sila ke wuce wurin da ake so, ta dawo, ta sake wucewa. In an ce ya danna sau biyu da sauri, sai kusun ya goce tsakanin dannawar. Gumi na bin wuyan rigarsa.

"Sassauta, Baba, ba jaki kake ja ba," Muktari ya ce yana dariya.

Wata rana da kowa ya fita cin abinci, Yunana ya hango shi ya ɗora hagu a kan kusun. Ɗan ƙaramin yatsa ya faɗa gurbin babba, doron ya tokare tafin. Ya janye hannun ya mayar ƙarƙashin tebur.

A mako na biyu Balki ta tashi da safe, ta zare wayar kusunta, ta zare ta Sila, ta musanya. Ƙaramin ta ajiye masa a gefen hagu.

"Mi ke nan, ɗiyata?"

"Baba Sila, na ga yadda kake sa zaren tawada a tsohon mashin. Kusu ba tuwo ba ne, ba wanda zai ce ka ci da hagu."

"Ke fa?"

"Ni mai tsadar nake so. Ko an ce sai maza?"

Sila ya dubi abin. Sannan ya fito da hannun, a gaban kowa, ya ɗora. Kibiyar ta tafi inda ya aike ta, ta tsaya.

Abin da Balki ba ta faɗa ba, tun tana yarinya ta faɗo daga amalanke a Kalfu, wuyan hannunta na dama ya karye, ɗorin bai zauna daidai ba. Ƙaramin kusun da kan yatsu take tura shi. Babban kuwa sai ta buɗe tafi ta ɗaga wuyan hannun ta hau doron. Kwana huɗu hannun ya kumbura. Sila ya ce su mayar, ta ce in ya taɓa wayar sai ta kai ƙararsa wurin Malam Yunana. Ranar gwaji ta zo da tsumma ɗaure a hannu. Sila ya riga ta gamawa da minti goma sha ɗaya. Yunana ne ya riƙe agogo.

Daga nan biron ya yi shiru. Aka kwashe ordinata ɗaya zuwa ɗakin darakta. Aka sallami Balki, ta koma tuyar waina a tashar mota, wajen layin motocin Affala, wuyan hannun kuwa bai ƙara jure kusu ba, babba ko ƙarami. Sila ya daina bi ta tashar, ko da yake ta nan hanyarsa ta fi kusa. Yunana ya lura Sila ya sayi kaye, littafin rubutu mai bango baƙi, kuma duk abin da ya yi da kusu, sai ya tsaya yana gwada maɓallai biyu-biyu, uku-uku, har ya samo waɗanda ke yin aikin ba tare da kusun ba, ya rubuta. Wani lokaci aiki ɗaya ya ci masa mako. Bai yi bayani ba, Yunana bai tambaya ba.

Da damina ta 1997 ta ɗauke, Sila ya shiga wurin darakta ya ce gilashin ya gajiyar masa da ido, zai koma kudu. Ya ce akwai wadda ta san aikin, a gwada ta kafin a nemo baƙo. Da ya fito ya miƙa wa Yunana kayen.

"Malam, ka kai mata. Kada ka ce daga ina."

"Idon naka lafiyarsa lau, Sila. Jiya ka karanta mini lambar da ni ban gani ba."

"To, kai ma ka je likita."

Yunana kaɗai ya raka shi mota. A tashar kuma ya sami Balki, ya ba ta kayen. Ta goge mai a zane, ta buɗe. Shafi arba'in da biyu ne, kowane layi da aikin a gefe, maɓallansa a ɗaya gefen. Ta karanta shafi biyu, ta ɗaga kai ta dubi layin motocin kudu. Ta Sila ta riga ta fita.

Ran Litinin ta zauna a kujerar Sila. Ta naɗe wayar kusun, ta tura shi can ƙarshen tebur, ta buɗe kayen a gefenta, ta ɗora hannu biyu bisa haruffa.