Sawun Ƙwallon da Lucius Ya Share

Lucius Gadsden mutum ne mai gaggawa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. A coci ma kafin a ce amin ya kai bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida muka yi tare muna gyaran fili a gasar tanis ta mata da ake yi a garinmu duk watan Afrilu. Ni nake jan raga in baje ƙasa, shi yana share fararen layuka da buroshi.

"Odessa, kunkuru ya fi ki sauri," haka yake ce mini.

"To yi ta gudu, tsohon banza, kabari ba ya cika," nake ba shi amsa.

A filin ƙasa ƙwallo tana barin sawu. In aka yi gardama, alƙaliya ta sauko daga kujera ta duba. Shi ya sa ba ma shiga sai ta ɗaga mana hannu.

Wata shekara Corinne Abshire, 'yar wasa mai shekara talatin da huɗu da ciwon gwiwa, ta zo gasarta ta ƙarshe. A bugun da zai raba zagaye na biyu aka ce ƙwallonta ta fita. Lucius bai jira hannu ba. Kafin Corinne ta buɗe baki ya wuce da buroshinsa ta kan wurin. Alƙaliya ta sauko, ba ta sami abin dubawa ba, hukunci ya tsaya. Corinne ta sha kashi a zagaye na uku, ta ɗauki jakarta. Ba ta ƙara buga gasa ba.

Da muka zauna cin shinkafa da wake ya kasa ci.

"Ƙwallon ta taɓa layi, Odessa. Na gani kafin in share."

"Ka gaya wa alƙaliya?"

"Ta ce maganar mai shara ba hujja ba ce."

Bai daina gaggawa ba, kada in yi masa ƙarya. Amma a fili, daga ranar, sai na tura shi yake shiga.

Bara na je duba shi a asibiti. Ya rame. Bai tambayi lafiyar kowa ba.

"An ce Corinne tana koyar da yara a wani gari can arewa," ya ce. "Ke da sauran masu gyaran fili ku nemo ta. Ban ce ku roƙar mini gafara ba. Ku gaya mata kawai ƙwallon ta taɓa layi."