Ranar da aka bar yaran Mushe Agali a tasha

Shekara tara ke nan da muka sa Mushe Agali a ƙasa, a maƙabartar bayan gari. Na yi ta jiran ranar da zan tuna shi ƙirjina bai yi zafi ba, in rubuta masa abu mai sanyi irin wanda ake rubuta wa mamaci. Ranar ba ta zo ba, kuma na gaji da jira. Zan rubuta da zafin nawa.

Mushe shi ne laƙabin da muke kiran malamin makaranta da shi a nan Nijar. Agali malamin motsa jiki ne a wata ƙaramar kolej da ke gefen Arlit, can inda gidajen laka da na langa-langa suka ƙare, hamada ta fara. Ni lissafi nake koyarwa a makarantar. Shi Ba'abzine ne, Musulmi. Ni ɗan Maraɗi ne, Kirista, aiki ya kawo ni arewa. Ɗaki ɗaya muka zauna kafin ya auri Tima. Ranar Lahadi shi ke miƙo mini makullin babur ɗinsa in tafi majami'a, da azumi kuma ni ke hura gawayin shayi kafin ya dawo daga masallaci. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, har matarsa "ya zo" yake ce mata, muna dariya yana dariya. Yana fama da fuka tun yana yaro, kowa ya sani, maganinsa kullum yana aljihu.

Kafin zuwansa makarantarmu ba ta da ƙungiyar ƙwallo. Ɗalibanmu ƴaƴan direbobi ne da masu lambu da makiyayan da fari ya koro gari. Filinmu tsakuwa ce zalla, ragarmu tsofaffin ƙarafan mota ne da wani makeri ya haɗa mana kyauta. A ɗaya ɓangaren garin kuwa, a unguwar manyan ma'aikatan ma'adinai da muke kira site, yara na da fili mai katanga da takalma da riguna iri ɗaya. Duk shekara su ke cin gasar makarantu, su ke zuwa Agadez da sunan Arlit. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

A shekarar da nake magana, Agali ya tara yaransa ya yi ta gasa su a kan tsakuwar nan. Akwai wani dogon yaro, Sidi, mai tsaron raga, wanda ubansa ya aiko ya koma kiwo wajen Dannet. Agali ya hau babur ya bi shi har daji, ya zauna gaban tsohon ya roƙe shi shekara ɗaya tak. Tsohon ya yarda. Daga nan yaran suka shiga cin makarantu ɗaya bayan ɗaya, har suka kai wasan ƙarshe da ƴan site, a filin ƴan site. Rabin yaranmu da takalman roba suka shiga. Muna gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, alƙalin wasa ya ba su bugun daga kai sai mai tsaron gida a kan laifin da shi kaɗai ya gani. Sidi ya tsaya kamar an dasa shi, aka buga, ya faɗi ya rungume ƙwallon a cikinsa. Ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Ƴan kabu-kabu suka ɗora yaran suka zagaya gari da su, mata na fitowa ƙofar gida suna watsa musu dabino.

Bayan ƴan kwanaki shugaban kwamitin wasanni na gari ya zo makarantarmu. Ba zan kira sunansa ba, Alhaji kawai zan ce, mutanen Arlit sun san wanda nake nufi. Ina ɗakin malamai ya shigo ya dafa kafaɗar Agali.

"Mushe, yaranka sun yi ƙoƙari. Amma Agadez ba Arlit ba ce. Ka zaɓi uku ko huɗu, sauran mu cike da ƴan site. Kada a je a kunyata mu da takalmin roba."

Agali ya ce, "Alhaji, da takalmin robar nan suka ci naka. Wanda ya ci shi za ya tafi."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Aka sanar da mu cewa yara su hallara a tasha da hantsi ranar tafiya. Suka zo tun kafin lokaci, an yi musu aski, kowa da ƙunshinsa. Uban Sidi ya taso daga daji da cuku a ɗaure cikin tsumma don ɗansa ya ci a hanya. Muka zauna, rana ta ɗaga, ba mota. Wani mai shayi ne ya gaji da kallonmu ya ce, "Mushe, in motar ƴan ƙwallo kuke jira, ai tun asuba ta tashi daga ƙofar site." Ƴan site aka kwasa, har da ɗan Alhaji, suka tafi su buga da sunan makarantarmu. Ba a ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ci ba.

Na ga manyan yara suna kuka a tashar nan, suna ɓoye fuska da riga. Agali ya miƙe. Ya ɗauki ƙwallo ya ce su biyo shi. Muka ratsa kasuwa a ƙafa har ƙofar gidan Alhaji, ya sa duwatsu a matsayin raga, ya raba yaran gida biyu, suka buga wasa a kan titi har azahar. Jama'a ta taru, motoci suka tsaya. Duk wanda ya tambayi abin da ke faruwa, Agali ya ce masa, "Zakarun Arlit ne. Nan aka ce Agadez ɗinsu yake." Ƙofar gidan ba ta buɗe ba. Waɗanda aka tura kuwa an lallasa su tun wasan farko, suka dawo ba wanda ya ji shigowarsu.

Kafin shekara ta zagayo aka ɗauke Agali daga makarantarmu, aka tura shi wata makarantar daji a kan hanyar Assamakka, inda ba likita, ba kantin magani. Na je ofishin ilimi na ce musu mutumin nan yana da fuka, kun sani. Aka ce mini umarni ne daga sama. Na tambayi wace sama, aka nuna mini ƙofa. Agali bai roƙi kowa ba. Ya bar Tima da ƴaƴansu mata biyu a gari, ya tafi. A shekararsa ta biyu a can ciwon ya taso masa, magani ya ƙare. Aka ɗora shi bayan wata babbar mota a kan buhuna, ya cika kafin su iso Arlit. Ni na karɓi gawar. Direban ya ce mini bai sha wahala ba. Na gode masa, amma na yi zaman ɗaki ɗaya da Agali, na san yadda fuka ke kama shi.

Za a ce kwanansa ne ya ƙare, ni ma na yarda da haka. Ban ce Alhaji ya kashe shi da hannunsa ba. Abin da na ce shi ne an tura mai ciwon ƙirji inda ba magani saboda ya ƙi yarda a zalunci yara, kuma waɗanda suka yi hakan sun san abin da suke yi. A zaman makoki ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Arlit ta yau. Filin da ya gasa yaransa a kai an yanka an sayar, manyan motoci ke kwana a wurin, ƙasa ta yi baƙi da mai. An rufe ɗaya daga cikin wuraren haƙar ma'adinan, gidajen site da yawa ba kowa, yaran da aka kwasa a motar nan suna Yamai ko ƙasar waje. Nasa yaran su suka rage a nan. Sidi ya bar makaranta a shekarar da aka bar su a tasha, duk da yana da kai. Na bi shi na yi masa faɗa, ya ce mini, "Mushe, karatun me zan yi? In na ci ma wani za a ɗauka."  Kabu-kabu yake yi yanzu. Biyu daga cikin sauran yaran sun bi masu haƙar zinariya cikin hamada, ɗaya bai dawo ba. Ba ƙwallo kaɗai aka ƙwace wa yaran nan a tasha ba. An koya musu cewa ƙoƙari ba ya da amfani a garin nan, kuma sun ɗauki darasin da kyau.

Abin da ya sa na kasa yin shiru bana shi ne wannan. Alhaji na neman kujerar da ta fi wadda yake kai, kuma ya shirya gasar makarantu ya sa mata suna Kofin Mushe Agali. An buga hoton abokina a manyan kyallaye, gefe da gefe da nasa. Ya aiko mini in zo in yi jawabi a matsayina na amininsa. Ya aika wa Tima buhun shinkafa da atamfa, wai ta zo ta zauna a rumfar manya ta miƙa kofi da hannunta. Matar nan da sayar da ƙosai ta yi renon ƴaƴanta, bai taɓa aiko mata da ko gaisuwa ba. Ta dubi ɗan aiken ta ce, "Ka mayar masa. Ka ce mijina ba ya cin shinkafa yanzu." Ɗan aiken ya bar kayan ya tafi, Sidi ne ya ɗora su a babur ɗinsa ya ajiye su a ƙofar gidan Alhaji.

Idan na auna abin da ya rage na Agali, ba shi da yawa a ido. Bai bar gida ba, bai bar fili ba, ƙungiyarsa ta watse. Amma ya bar magidanta a garin nan waɗanda in aka ambaci sunansa sukan gyara zama. Ya bar ƴaƴa mata biyu da ke tafiya kai a sama. Ya bar suna mai tsabtar da har wanda ya kore shi ke neman aronsa ya wanke nasa. Wannan sunan ba na aro ba ne, kuma mu da muka san shi ba za mu bayar ba.

Yaran da za su buga gasar ba su da laifi, ina musu fatan alheri, kuma ina roƙon malamansu su raka wanda ya ci har cikin mota. Ni dai ba zan je ba. Ku kuma da za ku je, za ku ga kujera a sahun gaba an rubuta sunan Tima, ba kowa a kai. Mai magana da amsa-kuwwa zai ce muku ba ta jin daɗi. Kada ku yarda. Lafiyarta lau.